Dashen Malam Badamasi

Duk wanda ya yi firamare a wajen Ƙofar Sauri cikin shekaru talatin ɗin nan, idan ka ambaci Malam Badamasi, kafin ya tuna lissafin da ya koya masa zai tuna itace. Wani gwaiba, wani lemun tsami, wani mangwaron da yanzu ya fi katangar gidansu tsawo. Malam mutum ne dogo siriri, mai tsohon babur da ba ya tashi sai an roƙe shi, hannun rigarsa na dama kullum da farin alli. Shekara talatin da huɗu yana koyar da 'yan aji shida lissafi da kimiyya, kuma bana ce shekararsa ta ƙarshe kafin ritaya.

Lambunsa a cikin gida yake, a inda ɗakin mahaifinsa ya taɓa tsayawa. Ɗakin ƙasa ne, ya zube a wata damina mai ruwa bayan rasuwar tsohon. 'Yan uwa suka ba da shawara a tayar da shago tunda wurin ya kalli hanya. Malam ya saurare su har ƙarshe, ya yi godiya, sannan ya baje ƙasar da fartanya, ya zuba takin awaki, ya kewaye da zana. Taku goma sha biyu ne a tsaye, takwas a kwance. A ciki akwai zogale biyu, gwaiba ɗaya, fangalin alayyafo da na yakuwa, sai wani gefe a jikin katanga inda inuwa ke daɗewa. Nan ne wurin dashe.

Dashen shi ne ainihin abin. Tun watan Janairu Malam yake fara tsince ledojin fiya wata da yara ke zubarwa a filin makaranta. Ya yanke bakinsu, ya huda gindinsu da ƙusa, ya cika su da ƙasa da taki, ya sa iri. Ƙwallon mangwaro, 'ya'yan gwaiba, na lemun tsami da ya roƙa wajen masu sayarwa. Ya rene su duk tsawon bazara. Idan Yuli ya zo, ranar da 'yan aji shida za su bar makaranta, kowane yaro zai tafi gida da leda ɗaya a hannu. Ba ya yi masu dogon jawabi. Abin da yake cewa kawai, a haƙa rami har gwiwar hannu, kuma a kiyaye akuya. Bana yara saba'in da huɗu ne a ajin, ya shuka tamanin saboda ba duka ke rayuwa ba.

Wanda ya san Katsina a watan Afrilu da Mayu ya san ba ƙaramin abu ba ne a raya leda tamanin. Famfo sai ya yi mako bai ɗiga ba. Don haka gidan Malam yake da doka a kan ruwa, kuma ko baƙo ya kwana biyu sai ya koye ta. Akwai baho shuɗi, akwai baho ja. Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa da gero, ruwan ɗauraye ganye, duk shuɗi. Duk ruwan da sabulu ya taɓa, ja, shi kuma kwata ake kai shi. Mai kai shuɗin lambu ita ce Inno, mahaifiyar Malam. Ta haura tamanin, yanar ido ta fara rufe mata gani, amma wannan aikin nata ne tun da aka fara lambun. Bayan la'asar takan ja bahon a hankali, ta zauna a kan 'yar kujerarta, ta riƙa ɗiba da tsohon gwangwanin madara tana ba kowace leda rabonta. Ba ta gani sosai, amma tana taɓa ƙasar da yatsa ta san wadda ta sha da wadda ba ta sha ba.

Shi Malam da asuba yake nasa. In ya dawo masallaci sai ya naɗe hannun riga, ya cire ciyawa, ya juya ganye yana duba ƙarƙashinsu. Idan ya ga ƙwari, ya jiƙa ganyen bedi, wato darbejiya, a bokiti ya kwana biyu, sannan ya tsoma tsintsiya ya riƙa yarfa wa shukar. Daga nan ya wanke hannu a baho shuɗi, ya sha koko, ya fita kokawa da babur.

Fadila ita ce 'yarsa ta uku, kuma ita kaɗai ta bi shi a son shuka. Ta karanta kimiyyar noma a jami'a, ta yi hidimar ƙasa, ta dawo gida tana jiran aiki. Wata bakwai tana aika takardu, wata bakwai shiru. Malam bai taɓa nuna mata damuwa ba. Malamar gona yake ce mata, kuma idan abokansa malamai suka zo gaisuwa sai ya kai zancen kanta ko ba a tambaye shi ba. Ita kuwa duk lokacin da ya faɗa sai ta ji kamar an ɗora mata dutse. Tana so ta yi wani abu a gidan nan da za a gani a ce karatun ya yi rana. Tsintsiyar nan ta Baba kuwa, ko da yake ba ta taɓa furtawa ba, kunya take ba ta.

Inno ba ta raga mata.

"Dakta, an tashi? Shekara biyar ana karatun ciyawa, ga shi har yau ba ki shuka ko albasa ba."

"Ke da kika shuka, tsohuwa, ina gonarki?"

"Ubanki ne gonata. Ga shi nan ya yi tsawo."

A tsakiyar Yuni aka tura Malam wani gari aikin sa ido a jarrabawa, na kwana takwas. An yi ruwa sau biyu sannan sama ta ɗauke, zafi ya dawo sabo. Da zai tafi ya kira Fadila cikin lambu ya nuna mata wasu fararen ƙwari ƙanana da suka fara taruwa a ƙarƙashin ganyen gwaiba da lemun tsami.

"Na jiƙa bedi, ga shi can. Jibi ki yarfa masu. In bai yi ba ke kin fi ni sani."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta riƙe. Jibin ya zo, ta kalli bokitin da tsintsiya, ta kalli ledoji tamanin, ta ɗauki waya ta kira Kawu Iro, ƙanen mahaifiyarta da ke noma a Batagarawa, ta roƙe shi aron famfon feshi. Da yamma ya kawo shi a bayan babur tare da ɗan gero na gidan. Ita kuma ta riga ta sayo maganin ƙwari mai kyau, ta karanta takardarsa sau biyu, ta auna daidai da murfi. Washegari da sassafe, kafin rana ta yi zafi kamar yadda aka koya mata, ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta goya famfon, ta bi layi-layi. Ba ta tsallake leda ko ɗaya ba. Alayyafo da yakuwa ne kawai ta bari saboda ana cin su. Da ta gama ta tsaya tana kallon ganyen yana sheƙi, ta ji daɗin da ta daɗe ba ta ji ba.

Kwana uku ƙwarin suka mutu. A rana ta huɗu sabbin ganyen da ke ƙololuwa suka fara yin ruwan ɗorawa. A ta biyar suka lanƙwashe. Fadila ta tsuguna a gabansu da safe, ta gane ta taɓa ganin irin wannan. A gonar gwaji ta gan shi, a shekararta ta biyu, ranar da ake koya masu abin da ya sa ba a haɗa magani iri biyu a famfo ɗaya. Ta shiga bayan ɗaki ta kira Kawu Iro. Sai da suka gaisa, ta tambayi iyali da gona, sannan ta ce kamar wadda ta tuna a hanya:

"Kawu, mi ka yi da famfon nan na ƙarshe?"

"Maganin ciyawa mana. Ana gobe zan kawo maki na feshe gonar masara. Kin dai wanke shi da kyau ko? Ban tsaya faɗa maki ba, na ce ke da kika karanta abin."

"Na wanke," in ji Fadila.

"To madalla. Ba na buƙatarshi yanzu. Juma'a ta sama in na shigo zan ɗauka, in gaida Malam."

Ba ta wanke ba. Ko ɗauraya ba ta yi ba. Ta buɗe, ta ga ɗan ruwa a gindin tankin, ta ɗauka ragowar ruwa ne kawai, ta zuba nata a kai.

Ta yi niyyar faɗa. Wannan gaskiya ne, ta yi niyya. Tana tsara maganar a ranta har la'asar, lokacin da Inno ta jawo bahonta ta zauna. Tsohuwar ta miƙa hannu ta shafa ganyen leda ta farko, ta shafa ta biyu. Ta ajiye gwangwanin. Ta bi layin da hannu har ƙarshe, sannan ta kira Rahinatu, mahaifiyar Fadila, daga madafi.

"Rahinatu, shekaranjiya da kika yi shara, kin gusar da bahunan nan?"

"Na gusar, Inno, amma na maida su."

"A'a. Na ɗauki ja. Da na gama na ji ƙanshin sabulu a hannuna, na ce ko na wanki ne. Ashe ni ce. Ni na kashe mashi su."

Rahinatu ta ce ba ta jin haka ne, ai ita ta zubar da jan da hannunta, ko dai washegari ne ta zubar, ta kasa tunawa. Inno ba ta saurare ta ba. Tana zaune tana murza busasshen ganye tsakanin yatsunta tana salati ƙasa-ƙasa. Fadila na tsaye a bayanta, kusa har tana ganin furfurar da ta leƙo ta gefen kallabinta. Bakinta ya buɗe. Sai ta ji wani abu ya sauka daga ƙirjinta, wani sauƙi, kamar an buɗe taga a ɗaki mai zafi. Wannan sauƙin shi ne abin da har yau ba ta iya tunawa ba tare da ta runtse ido ba. Ta rufe bakinta. Bayan magariba ta cusa famfon a ƙarƙashin tsofaffin buhuna a zaure.

Malam ya dawo ranar Talata da azahar. Ya gaida mahaifiyarsa, ita kuwa tun kafin ya gama tambayar gajiya ta gaya masa. Da jakarsa a kafaɗa ya shiga lambun. Ya daɗe a tsugune. Cikin tamanin ɗin, mangwaro shida ne kawai ke da sauran kore, su ma ba su kai labari ba daga baya. Ya zare wata gwaiba daga ledarta, ya duba saiwar, ya shinshina ƙasar.

"Malamar gona, zo ki gani. Ni ban taɓa ganin sabulu ya yi haka ba. Daga sama suka fara mutuwa. Yana yi?"

Bai tambaye ta don ya gwada ta ba. Yadda ɗalibi ke tambayar malami haka ya tambaye ta, yana kallonta daga ƙasa.

"Yana iya yi, Baba," ta ce. "Sabulun garin nan na yanzu akwai sinadarai masu ƙarfi a ciki."

Ya gyaɗa kai. Ya yarda, don ita ta faɗa.

Bai yi wa Inno faɗa ba, ba halinsa ba ne, kuma ba a yi wa uwa. Da yamma ya zauna a bakin ƙofarta ya ce mata ba komai, itace ne, ana sake shukawa. Sannan cikin taushin murya ya ce aikin ya yi mata nauyi, idonta kuma ga yadda yake, ta huta haka nan, Fadila za ta riƙa kai ruwan. Inno ta ce to. Washegari Malam da kansa ya ɗauke bahunan daga kusa da ɗakinta ya mayar da su bayan madafi.

Daga ranar Inno ta canza. Ba ciwo ta kwanta ba. Ta dai daina yarda da kanta. Da, ita ke tsince wake a faranti da taɓi, yanzu in an miƙa mata sai ta ce a kai wa mai ido. In za ta sha ruwa sai ta kira a duba mata kofin. Ta fara tambayar ko zanen da ta ɗaura a daidai yake ko a bai-bai. La'asar ta yi, lokacin da ta saba fitowa, sai ta zauna a gefen gado tana jan carbi, tana jin ƙarar gwangwanin madara a hannun jikarta. Abincin da ake kai mata rabinsa ke dawowa.

Malam kuwa ya ci gaba da rayuwarsa kamar kullum, sai dai ya rage magana. Saura mako uku yara su gama, ba wani iri da zai tsiro ya isa a bayar. Ya ɗauki adda ya sassare rassan zogalensa biyu har suka koma kamar turaku, ya roƙi ƙari a maƙwabta, ya yayyanka su tsawon kamu biyu-biyu, ya kafa a ledojin. Zogale yana kamawa daga reshe. Ba abin da ya so ba ke nan a shekararsa ta ƙarshe, amma ya fi hannu wofi. Da yara suka tambaye shi ina mangwaron da ya yi masu alkawari, ya ce shi ya yi sakaci. Fadila ta ji wannan daga bakin wata maƙwabciya da ɗanta ke ajin.

Kwana tara aka yi haka. Fadila tana kai ruwa, tana taya shi cika ledoji, tana amsa Malamar gona. Sallah ma sai ta yi ta mance raka'a nawa ta yi. Kullum takan ce gobe. Da ma a ce zuciyarta ce ta kai ta ga faɗa, da abin ya zo da sauƙi. Amma ba haka aka yi ba. Ranar Alhamis ta lissafa ta ga gobe Kawu Iro zai zo, zai zauna a zaure, zai tambayi famfonsa a gaban Malam, kuma Kawu Iro ba ya magana a hankali. Ta yi tunanin ta kai masa Batagarawa da kanta kafin gari ya waye, har ta duba mayafinta. Sai ta ga ko ta kai, wata rana zancen zai fito. Tsoro ne ya kai ta, ta san haka.

Ta same shi bayan la'asar yana danna ƙasa a gindin wani reshe. Ta ajiye famfon a gabansa, ta durƙusa, ta faɗi komai a jere ba tare da ta ɗago ba: aron, feshin, wayar da ta yi, da abin da Kawu ya ce.

Malam ya kalli famfon. Ya kwance murfin, ya shinshina, ya mayar ya ɗaure.

"Yaushe kika sani?"

"Tun kafin ka dawo."

"Ranar da na tambaye ki, kin sani."

"Na sani, Baba."

Ya goge hannunsa a jikin wandonsa, a hankali, ciki da baya. Ta so ya ɗaga murya. Bai ɗaga ba.

"Kuskuren famfo kowa na iya yi. Da kin gaya mani a waya, da mun yi dariya a baɗi." Ya kalli ɗakin Inno. "Ni na je na ce wa mahaifiyata ta huta. Da bakina. Tashi mu je."

Inno na gefen gadonta, ɗakin da ɗan duhu don ta sa an saki labule. Malam ya yi sallama, ya cire takalmi, ya shiga. Fadila ta ɗauka zai tsaya ne ya ce mata ta yi magana. Sai ta ga mutumin nan mai shekara sittin ba ɗaya, wanda rabin unguwar ke russuna wa, ya dafa bango ya kai gwiwoyinsa ƙasa a gaban gadon. Gwiwarsa ta hagu ta yi ƙara.

"Inno, na zo neman gafara. Ba ke ba ce. Ba sabulu ba ne. Magani ne aka fesa masu bisa kuskure. Na yanke maki hukunci ban bincika ba."

"Wa ya fesa?"

"Ni ce," in ji Fadila daga bakin ƙofa.  Ta matso ta durƙusa a bayan mahaifinta, ta sake faɗa, wannan karon a gajarce, tana kuka.

Tsohuwar ta gyara zama. Ta ɗaga hannunta na dama ta kawo shi kusa da fuskarta, ta juya shi, kamar mai duba abin da aka ara aka dawo mata da shi.

"Ke nan shuɗin na ɗauka."

"Shuɗin kika ɗauka, Inno," in ji Malam.

"Na ce dai. Shekara nawa ina ɗaukar bahon nan, bakinshi ma a fashe yake ta gefe guda, na san shi a hannu. Amma na ce tunda ga su sun mutu." Ta sauke hannun. "Badamasi, tashi. Gwiwar nan taka ba lafiya gare ta ba. Ba ka yi mani komi ba, abin da aka gaya maka ka bi."

Malam ya dafa gadon ya miƙe. Inno ta juyo da fuskarta wajen da take jin shessheƙa.

"Fadila."

Ba ta saba kiran ta da sunan ba.

"Na'am."

"Ranar da na ce ni ce, kina ina?"

"Ina bayanki."

"A tsaye?"

"A tsaye."

"Kin ji ni?"

"Na ji."

Inno ta gyaɗa kai sau biyu. Ta lalubo carbinta a kan katifa.

"To. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Badamasi, ka ce wa Rahinatu ta ƙaro mani tuwo yau, da miya sosai. Ke kuma in kin fita ki ja mani ƙofar."